Jirgina Ya Sauka Cikin Ƙwaryar Nono

Tun da na ji labarin Mubarak Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano a 2007 da injin tsohuwar mota, na ce mu ma a Gummi sai mun tashi sama. Ban yi dogon buri ba. Ɗan ƙarami nake so, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, da kuɗin da uwargida ba za ta lura sun ɓace ba.

Masu yin abin a intanet sun ce arha ne. Gangar jiki da fukafukai ba sai ka saya ba, farin soson nan da ake tokare sabon firij da shi cikin kwali ya wadatar. Na samo shi kyauta wajen wani mai shago, da na faɗa masa abin da zan yi har ya ƙara mini da addu'ar Allah ya ba ni lafiya. Inji, farfela, batir, rimot da 'yan na'urorin da ke karkata jela kuwa sai da na yi saƙo Kano ta hannun direba. Da ya miƙo lissafi na gane arhar a kwalin firij ta tsaya.

Ranar haɗi na ɗiga wa fiffike gam ɗin nan mai kama yatsu. Ina kallo soson ya zagwanye ya bar rami, ashe ba sa ga maciji da juna. Sai gam na sanda da ake narkawa da wuta, wutar kuwa ta janareta ce a shagon mai cajin waya. Nan na tare, masu jiran waya suna ba ni shawara kyauta. Ƙa'ida ita ce ka ɗora jirgin kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba. In jela ta rinjayi kai, ba zai tuƙu ba. Nawa jela ta rinjaya, sai na ɗaure masa notin babur a hanci.

Muka nufi fadama da hunturu, bayan an yanke shinkafa, yaran unguwa a bayanmu. Ƙanena ya fuskanci iska ya cilla shi. Jama'a, ya tashi! 'Yan'uwan nan Wright na Amurka, tashinsu na farko a 1903 daƙiƙa 12 ne. Nawa ya wuce haka, kuma ina da shaidu.

Matsalar ta faro ne da ya juyo yana fuskantata. Da zarar jirgi ya nufo ka, damarsa ta koma hagunka. Na karkata dama ya yi hagu, na ƙara masa wuta don ya ji tsoro, ya ƙara gudu. Ga shi a wannan yanki namu, daga Anka har Bukkuyum, abu mai ƙugi a sama ba abin wasa ba ne. Masu lambu suka kwanta cikin albasa. Wani dattijo ya yar da takalmi ya faɗa kwari yana salati.

Wata Bafulatana ce kaɗai ba ta gudu ba, ta sauke ƙwarya a gindin tsamiya tana gyara gammo. Nan jirgin ya zaɓa. Tsulum!

A gaban mai unguwa na yi bayani cikin natsuwa.

"Ranka ya daɗe, ba faɗuwa ya yi ba, sauka ya yi. Ƙwaryar ce ta tare fili. Kimiyya ce."

Ya dubi jirgin, nono na ɗiga daga hancinsa.

"To Malam, wagga kimiyya taka, ita za ta biya ko kai?"

Na biya nono, na biya ƙwarya, na biya takalmin dattijo ƙafa ɗaya, ya ce ba a sayar da ƙafa ɗaya. Farfela kuwa matar ta hana, wai cikin nononta ta tsince ta.

Ranar kasuwa na hango ta ta soke farfelar a tsinken kara tana burga nono da ita. Ta yafito ni da murna.

"Mai jirgi, yaushe za ka sake tashi? Kishiyata ma tana son irin wannan maburgi."