Ire-iren Ɗaliban da Damina Kan Kawo wa Malamin Tsaron Kwamfuta

Tun shekarar 2005 kamfanin Google ke gudanar da shirin Google Summer of Code, inda ake haɗa sabon hannu da gwani su yi kusan wata uku suna aiki a kan manhajojin da aka bar wa kowa a buɗe, wato waɗanda duk mai so zai karanta rubutun cikinsu, ya gyara, ya ƙara. Ƙungiyoyin tsaron intanet irin su OWASP da Honeynet Project sun daɗe suna ɗibar ɗalibai ta wannan hanya. Mai shekara 18 yana iya nema, don haka yaron Rurum Sabon Gari da ke karatu a jami'ar Wudil ko ta Bayero zai iya shiga daga ɗakinsa, in dai caji bai ci amanarsa ba. Aikin kuwa yakan faɗo ne daga wajen Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da masara ke neman mai noma. Wanda ya taɓa jan ɗalibai a irin wannan aiki, ko a SIWES ɗinmu na gida, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, zai gane mutanen nan tun kafin su gama sallama.

Ɗan kutse

Shi ne na farkon zuwa. Yana sanye da baƙar riga mai hula ko da zufa na tsiyaya, ya ɗora Kali Linux a laftof ɗinsa, ya mai da fuskar kwamfutar baƙa, rubutun kore. Tambayarsa ta farko: "Malam, yaushe za mu fara shiga banki?" Ta biyu, bayan ya sassauta murya: "Akwai wata yarinya a Kibiya, Facebook ɗinta kawai nake so in leƙa, ba don komai ba." Da ka ce masa makon farko na karatun takardun bayani ne, sai idonsa ya raina fata. Maganinsa guda: ka karanta masa dokar laifukan intanet ta 2015, ka nanata masa cewa taɓa kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne ko da niyyar mutum fara ce tas. In ya dawo washegari, akwai alheri a tattare da shi.

Ɗan canji

Bai san abin da manhajar ke yi ba, amma ya san farashin dala a Wapa na safe da na yamma. Tun kafin a ɗauke shi ya raba alawus ɗin da shirin ke biya gida uku: babur, sadaki, da buhun taki na tsoho. Yana aiki tuƙuru har zuwa tantancewar tsakiyar zango, domin ya ji cewa sai an haye ta kason farko ke faɗowa. Ranar da alat ya shigo, ranar ce za ka yi masa ganin ƙarshe, sai kuma ana saura kwana huɗu a rufe, ya ɓullo da gaisuwa mai tsawo: "Ranka ya daɗe, ya iyali, ya ruwa?"

Mai layar zana

Wannan yana da uzuri na kowace rana, kuma abin haushin, rabinsu gaskiya ne. Litinin babu wuta. Talata hadari ya rufe rana, sola ba ta ja ba. Laraba tsoho ya ce a tafi maimai, kuma babu ɗan halak ɗin da zai ce wa mahaifinsa yana da taro da wani Bature ƙarfe goma. Alhamis ya hau dutse neman sabis, ya same shi, data ta ƙare. Gwanintar malami ita ce rarrabe mai uzurin gaske da mai sana'ar uzuri. Na gasken yakan turo saƙo ƙarfe biyun dare da ɗan abin da ya samu ya yi, komai ƙanƙantarsa. Mai sana'ar kuwa hoton hadari yake turowa.

Kwafa-ka-manna

Takardar neman shigarsa ta fi ta farfesa Turanci. Ka kira shi ka ce ya yi bayanin sakin layi na biyu, sai layin waya ya fara "yankewa". ChatGPT ne ya rubuta, shi ma yau ya fara ganinta. Idan ya kawo rahoton ɓarakar tsaro, za ka ga shafi uku masu tsari, an ambaci wani sashe na manhajar da ba a taɓa halittarsa ba. Ba mu kaɗai ke fama ba: Daniel Stenberg, mai kula da manhajar curl, ya sha kokawa a fili kan rahotannin bogi irin waɗannan da ke cinye lokacin masu aikin sa-kai. Ka ce masa ya nuna maka ɓarakar tana aiki a gabanka. Nan ake rabuwa.

Sarkin rusau

Kwana biyu da shigowarsa ya gano cewa duk waɗanda suka shekara ashirin suna gina manhajar ba su san aiki ba. An ba shi gyaran layi goma, ya dawo da shawarar a rushe komai a sake rubutawa da yaren Rust, wanda ya fara koyo makon jiya. Ƙarshen Agusta yakan same shi da harsashi mai faɗi, babu ko bulo ɗaya a kai.

Mai kunyar tambaya

Sau da yawa ita ce mafi ƙoƙari a cikinsu. Ka tambaye ta ya aiki, ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam." Ka sake tambaya bayan mako biyu, amsar ba ta canja ba. Sai ka matsa ka ce ta nuna maka fuskar kwamfutarta, ka tarar tun ranar farko take kokawa da saƙon kuskure guda, wanda waƙafi ɗaya da ya ɓace ya jawo. Ta karanta komai, ta gwada komai, ta cika rabin littafi da abin da ta gwada, amma a tarbiyyarta yawan tambayar babba rashin kunya ne. In ka yi dace ka sa ta saba da cewa "ban gane ba", nan da wata guda ita za ta riƙa gyara maka naka kuskuren, tana ba ka haƙuri tana gyarawa.

Mai ladabin kura

Ba ya makara, ba ya musu, yana ɗauke maka duk aikin da ka gaji da shi, kuma a hankali yana neman a ba shi ikon shigar da gyara ba tare da an duba ba. Yawancinsu mutanen kirki ne. Amma a wannan fage ba a manta da mai amfani da sunan Jia Tan ba, wanda ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa manhajar xz har aka amince masa, sannan ya dasa ƙofar ɓoye. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya bankaɗo ta saboda ya lura shiga wata kwamfuta ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Tun daga nan, in ladabi ya yi yawa, malamai kan amsa gaisuwa su kuma ƙara buɗe ido.

Su ma malaman

Adalci ya sa a juyo da fitila. Akwai Malam Je-ka-karanta, wanda amsarsa ga kowace tambaya ita ce a duba takardun bayani, takardun da shi ya kamata ya rubuta shekara uku da suka wuce. Akwai Malam Kawo-in-yi, mai ƙwace aikin ya gama cikin dare, ɗalibi ya tashi da shaidar kammalawa da kai fanko. Akwai Malam Sa-hannu, wanda ya ɗauko halin cike littafin SIWES na wata shida a zama ɗaya, ya shigo da shi nan: ya ga gyara mai tsawo, ya ce "ya yi kyau", ya wuce. Ko mai dubawa da gaske abu kan kuɓuce masa. Ɓarakar Heartbleed, wadda ta girgiza duniya a Afrilun 2014, ta samo asali ne daga gyaran da wani ɗalibin digirin digirgir a Jamus ya aika wa manhajar OpenSSL a ƙarshen 2011. An duba shi, amma idon mai dubawa bai kama kuskuren ba. To ina ga wanda bai duba ba sam?

Wanda ake nema

Yana da wuyar samu, kuma ba shi da wata alama a jiki. Yakan ce ya gwada kaza bai yi ba, ga abin da kwamfutar ta ce. In ya ɓata abu, shi ke fara faɗa. In za shi gona, yakan sanar tun jajibere. Kuma bayan an biya kason ƙarshe, yakan dawo ya ci gaba da aikin, domin tsaro harka ce ta amana, ba ta ƙarewa da ƙarewar alawus. Cuckoo Sandbox, manhajar da masu bincike suka daɗe suna tsare muggan manhajoji a cikinta don ganin halinsu, ta fara ne a matsayin aikin wannan shiri a 2010, a hannun Claudio Guarnieri ƙarƙashin Honeynet Project. Saboda irinsa malami ke jure sauran bakwai ɗin, ya rantse a Satumba cewa ya daina, sannan sanarwa na fitowa baɗi ya zama na farkon sa suna.