Abokan Tafiyar Madugu

Muddin ƙafar mota na kan kwaltar da ta taso daga Gusau ta bi Mayanci ta shiga Anka, ta wuce Daki Takwas ta nufi Gummi, kowane direba sarkin kansa ne. Sarautar tana ƙarewa a inda aka sauka daga kwalta, aka nufi ƙauyukan kewayen Bagega, ko aka nausa ƙasar Bukkuyum wajen Gwashi, ko aka gangara fadamun Gulbin Zamfara. Can ba mai son fita shi kaɗai. Da damina laka ce, da rani rairayi, ga kuma mutanen nan na daji da ba a ambatonsu da ƙarfi. Shi ya sa ranar kasuwa, ko ranar kai amarya, ko ranar kai magani, motoci kan haɗu su jera, Kanta da akori-kura da Hilux, a sa mutum ɗaya a gaba.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun raba wannan aiki: ga madugu, ga jagaba mai nuna hanya, ga uban dawaki. Yau mutum ɗaya ne ke riƙe da muƙaman duka, kuma ba albashi. Ba makarantar da ke ba da takardarsa. Yawanci daga yaron mota ake farawa, ana sa weji ana shan faɗa, har a san yadda ake rage wa taya iska kafin shiga rairayi, da yadda ake gane laka mai gindi da marar gindi. Karatun mota da na hanya yana da sauka. Na mutanen da ke cikin ayari ne ba shi da ita.

Wanda mai koyo zai fara karo da shi tun a tasha shi ne Masanin Hanya. Ba direba ba ne, bai taɓa riƙa sitiyari ba, amma gidan gaba nasa ne. Duk hujjarsa ita ce a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Dareta da Abare da 'Yargalma da makwabtansu, ya taɓa raka motar likitocin ƙungiyar MSF sau ɗaya. Tun daga ranar hanya ta tsaya cak a kansa. Damina nawa ta wuce, kwalbati nawa ruwa ya cinye, kwazazzabo nawa ya buɗe, duk bai sami labari ba. "Maigida, ratse nan. Nan munka bi da Turawa, ko awa ba mu yi ba." Madugun kirki ba ya musu da shi, don ɓata lokaci ne. Sai ya ce to, Baba, ya leƙa ta taga ya tambayi ɗan kabu-kabun da ya fito daga can yanzun nan, ƙafar wandonsa jiƙe. Labarin hanya na mai jiƙaƙƙen wando ne.

Abin dariyar shi ne, da Masanin Hanya ya lura da yadda fararen Land Cruiser na likitocin ke tafiya, da ya amfani ayari. Suna da rediyon magana da juna, suna da bututun shaƙar iska da aka ɗaga har saman gilashi, suna fita da wuri su komo da sauran rana. Shi abin da ya riƙe kawai shi ne sanyin cikin motar.

Sai Alhaji Mai Sabuwar Hilux, wanda ya zo daga Gusau ko Abuja gaisuwar dangi. Wannan ya fi kowa ba madugu ciwon kai, domin ba a yi masa tsawa. Dillalin da ya sayar masa da motar ya ce tana jan ƙafa huɗu, shi kuwa ya fassara da cewa tana iyo. An iso ƙorama ta kawo, madugu ya tsayar da kowa, ya naɗe wando, ya ɗauki sanda ya shiga yana auna zurfi yana taɓa ƙasa, don ya san inda yashi yake da inda ruwa ya haƙe rami. Ƙa'idarsa tsohuwa ce: in ruwa na gudu ya wuce gwiwa har yana neman kwashe ƙafar mutum, ba motar da za ta shiga, a zauna a ci gyaɗa, ruwan ƙorama ba ya daɗewa bai janye ba. In ya shigu kuma, mota ɗaya-ɗaya, a ƙaramar giya, ba tsayawa ba canza giya a tsakiya. Alhaji yana kallon wannan duka ta bayan baƙin gilashi, yana duba agogo.

"Malam direba, mene ne kuma na tsayawa? Wannan ɗan ruwan?"

"Ranka shi daɗe, wanga ruwa ba ƙarami ba ne."

"Kai dai ka san nawa na sayi motar nan?"

Ƙorama ba ta san farashi ba. Ya kewaye jeri ya afka da gudu, ruwa ya taso ya haye hancin mota, inji ya shaƙa, ya yi tari ɗaya ya mutu. Abu na farko da Alhaji zai yi shi ne abin da ya fi komai muni, wato ya sake murza makulli. Injin da ya sha ruwa in aka matsa masa ya tashi, ƙarafan cikinsa ne ke lanƙwashewa, daga aikin yini guda a koma maganar sabon inji. A nan ake gane madugu: ya riga Alhaji kai hannu ga makullin, cikin ladabi, yana ranka shi daɗe yana zarewa. Daga baya za a ɗaura wa Hilux igiya, tsohuwar Kantar da ya yi wa kallon raini a tasha ta jawo ta.

Mai Kantar nan ma ba waliyyi ba ne. Shi ne Na-Allah. Safaya babu, jak na maƙwabci ne, lagireto na ɗiga, birki sai an taka sau uku yake tuna aikinsa. A tambaye shi, amsa ɗaya ce: Allah na nan. Allah na nan kam, amma madugun da bai zagaya kowace mota kafin a tashi ba, ya duba taya da mai da ruwa da shebur da igiya, ya ƙi tafiya da wanda ya ƙi gyara, to shi ne zai kwana a daji da Na-Allah. Ga lodi: buhun gero har ya wuce bodi, mutane a kan gero, awaki a kan mutane.

Akwai Manne-Mini, wanda ya ɗauka in ya bar taku goma tsakaninsa da na gabansa za a sace shi. Da rani yana tuƙi cikin ƙurar wani, ba ya ganin komai. Da damina in na gaba ya kafe, shi ma ya kafe a bayansa, an sami aiki biyu, kuma an toshe wa mai ja hanya. Kishiyarsa Gaba-Gaɗi, wanda in ya ga fili sai ya manta akwai wasu. Maganin su biyun dokar da madugu zai yi ta maimaitawa har maƙogwaro ya bushe: ka bar fili a gabanka, ka riƙe na bayanka a madubi, in ya ɓace ka tsaya, kuma kada ka bar mararraba sai ka ga ya ga inda ka karya. Za su ce to. Ba za su yi ba.

Idan mota ta kafe, nan take ƙasa ke tsiro da Injiniyoyin Bakin Laka. Daga ina suke fitowa, Allah masani. Suna tsaye a kan tudu, hannu a baya, riga fes. "Ba ta wuta!" Wani ya ce, "A'a, baya za shi!" Na uku ya ce a karya kan mota hagu, na huɗu ya rantse dama ce. Direba ya rikice ya danne totur, taya ta yi ta juyawa tana haƙa wa kanta kabari har cikin mota ya zauna a ƙasa. Aikin madugu a nan shi ne ya zama shi kaɗai ke magana da direba. A ɗaga ƙafa daga totur, a sa shebur a share gaban taya, a jera ƙirare da duwatsu, a sauke kaya in ya kama. In za a ja da igiya, a ɗaura ta a ƙarfen da aka yi don haka, a kori kowa nesa, don igiyar da ta tsinke tana iya kashe mutum. Cikin injiniyoyin akwai ɗaya da kullum sai ya matso ya duƙa daidai bayan taya don ya ga ko tana kamawa. Shi ne za ka gani ya miƙe kamar an tsoma shi a tukunyar kunun kanwa, yana neman wanda zai biya shi kuɗin wanki.

Samarin turi daban ne, su suna shiga lakar da gaske, kuma haƙƙinsu ne a biya su. Sai dai a yi ciniki kafin turi. Direbobi na zargin wai ramin wani ƙauye ba ya bushewa ko da an yi mako ba ruwa. Ni dai ban ga kowa da bokiti ba.

Mai Ratse ba ya jiran duk wannan. Ya ga laka a gaba, ya ga gonar gero a gefe, sai ya karya kai cikin gona. Na bayansa ya bi, na bayan wancan ya bi, kafin la'asar an buɗe sabon titi a kan abincin shekarar wani bawan Allah. A ƙasar da rigimar gona da burtali ta jawo abin da ta jawo, wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Madugu ne zai sauko ya nemi mai gona, ya durƙusa ya ce Baba a yi haƙuri, ya yi alkawarin biya, don shi ne zai sake bin hanyar nan kasuwa mai zuwa. Mai Ratse kuwa yana can gaba yana danna oda.

Nau'i biyu ne ba sa ba madugu dariya ko kaɗan. Na farko Ɗan Sanarwa, wanda tun ana lodi ya ɗauki hoton ayari ya sa a Facebook, da yawan motoci, da hanyar da za a bi, da lokacin tashi, da roƙon addu'a. Bayan ɓarnar da mutanen daji suka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairun 2022, ba sai an yi wa mai hankali bayani ba, amma shi sai an yi. Tsofaffin direbobi kan ce a watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a jihar, an sha wuya ƙwarai, ba kiran makanike ba sanar da gida, amma aƙalla Ɗan Sanarwa ya huta. Na biyu Mai Labari, wanda kowane kurmi aka wuce yana da tarihin wanda aka tare a ciki, yana bayarwa da ƙarfi a motar da ke cike da mata da yara. Madugu ya riga ya yi tambaya tun asuba a wurin 'yan tasha da jami'an tsaro da Askarawan Zamfara, waɗanda aka ƙaddamar a farkon 2024. In an ce yau ba a bi, ya soke tafiya ko da ango na kuka. In an ce a bi, ba ya buƙatar sharhi. Sai ya mayar da Mai Labari motar awaki.

Can a ƙarshen jeri akwai Na-Baya. Madugu mai wayo ba ya ba da wannan wuri ga rago. Mota mai ƙarfi yake sawa, da igiya da makanike da direban da ba ya fushi. Shi ke shan ƙurar kowa, shi ke tsintar buhun da ya faɗo da fasinjan da ya je kama ruwa aka tafi aka bar shi. A kowane zango madugu na ƙirga motoci, ba ya cewa a tashi sai Na-Baya ya ɗaga hannu. Ba a taɓa jin an gode masa ba.

In an isa lafiya kafin magariba, Masanin Hanya zai sanar da jama'a cewa da an bi tasa da tun azahar an sauka. Alhaji na waya da makanikensa na Gusau yana cewa direban ƙauye ne ya sa shi a ruwa. Madugu kuwa ya cire hula yana bin motoci ɗaya-ɗaya, yana tara kuɗin mai gona da na samarin turi, sai ka ga kowa ya tuna bai yi la'asar ba.