Allah Ya Ja Zamanin Mai Raɗa Suna Ba Shawara

Gaishe ka gwanin manhaja, namijin duniya, gagara-shawara! Kai ne wanda idan ya rubuta laburare, wato ƙunshin ayyukan da wasu za su ɗauka su ɗora ginin manhajarsu a kai, yakan raɗa wa kowane aiki sunan da ya fara faɗo masa a baki. Wannan "init", wancan "log", na can "read". Suna tsirara, ba ɗafa-goshi, ba alamar gidan da ya fito. Ina ruwanka da haruffa uku a gaban suna? Yatsunka sun fi ƙarfin wannan wahala. Duniya mai mutum biliyan 8, amma ka haƙiƙance kai kaɗai Allah ya nufa da dabarar kiran aikinka "init". Wannan yaƙini naka ya isa a yi masa jinjina.

Bari in bayyana wa jama'a girman aikinka, kada ladanka ya ɓace. A harshen C, duk ayyukan da laburare ya fitar a fili ɗaya suke zama da na kowa. Idan wani bawan Allah ya haɗa laburarenka da na wani gwani irinka, kuma sunaye suka zo ɗaya, wani lokaci manhajar da ke ɗinke su takan tsaya ta ce ba ta yarda ba. Wannan mai sa'a ke nan. Marar sa'a shi ne wanda yake kan Linux, da laburaren da ake lodawa lokacin da manhaja ta tashi: na'ura za ta ɗauki sunan da ta fara cin karo da shi, ta yi gum. Manhaja ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba, sai dai amsar da take bayarwa ta zama wata. Mutumin nan zai kwana yana neman ɓarawon da ke sanye da rigar ɗan gida. Ka koya masa haƙuri, kuma ba ka karɓi ko dala ba.

Matsorata ne kawai suke bin wata hanya. Richard Hipp, wanda ya fara SQLite a 2000, har yau kowane aikin da laburarensa ya fitar sai ya ɗaura masa "sqlite3_" a goshi, ga shi kuwa manhajar tasa tana cikin kusan kowace wayar zamani. Masu libpng suna fama da "png_". Kamfanin Apple ya keɓe wa kansa ɗafa-goshi mai haruffa biyu irin su "NS", ya ce saura su ɗauki uku. Masu Java sun ce kowa ya juya adireshinsa na intanet baya-gaba ya sa a gaban sunan kayansa. Ƙungiyar Khronos ma rajistar ɗafa-goshi ta buɗe, NV na Nvidia, AMD na AMD, sai ka nemi izini kafin a ba ka naka. Dubi ɓata lokaci!

Da ma za ka zo Assamakka, ranka ya daɗe, ka ga yadda wannan tsoro ya kama har mutanen hamada. Gari ne na bakin iyakar Nijar, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Arlit cikin rairayi, In Guezzam ta Aljeriya tana ɗaya ɓangaren. Jami'in duwan zai dubi babbar mota tun ba ta tsaya ba, ya ga RN ya san ta gida ce, ya ga lambar Aljeriya ta ƙare da 11 ya san ta Tamanrasset ce. Kwantenar da ke bisa mota tana ɗauke da haruffa huɗu a gaban lambarta, waɗanda mai ita ya yi wa rajista a wani ofis a Paris don kada wani ya ɗauka. Da kai ne ka tsara duk wannan, ai da an huta.

Amma abin da nake so ka tsaya ka kalla yana wajen gari, kilomita 15, inda ake kira Point Zéro. Nan motocin Aljeriya suke sauke mutanen da aka koro, sau da yawa cikin dare, su tako da ƙafa zuwa Assamakka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 a 2024 kaɗai. Da yawansu sukan iso ba waya, ba takarda, ba kuɗi. Abin da ya rage wa saurayi shi ne lambar wayar mahaifiyarsa da ya haddace. Zai ari wayar wani, leɓɓansa a tsage saboda ƙishirwa, ya karanto lambobi takwas. To, lambar Nijar takwas ce, ta Mali takwas, ta Burkina Faso takwas. Mai wayar zai tambaye shi, "Ɗan'uwa, wace ƙasa?" Idan ya ce Mali, a sa 223 a gaba, idan Burkina 226, idan nan gida 227. Lambobi ukun nan da hukumar sadarwa ta duniya da ke Janeba ta raba wa ƙasashe, su ne suke kai muryar yaron nan kunnen uwarsa maimakon kunnen baƙo. Ga abin da ka raina, gwani. A layin rajistar waɗanda aka koro kuma akwai Musa Ibrahim fiye da ɗaya, akwai Mamadu Jallo fiye da ɗaya, kuma manhajar da za ta tuna wane ne aka yi wa allura, wane ne ya hau motar Arlit, a kan laburare irin naka aka gina ta.

Tafarkinka ya riga ya yi 'ya'ya, ba sai an jira ba. A watan Maris na 2016, wani kamfani da wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, suka yi jayayya a kan suna ɗaya, "kik", a rumbun npm, inda masu manhaja suke ajiye laburarensu. Aka ba kamfani sunan, shi kuma ya kwashe kayansa duka, har da wani laburare mai layi 11 da ake kira left-pad, sai dubban manhajoji suka ƙi haɗuwa a faɗin duniya. A 2021 Alex Birsan ya gano sunayen kayan cikin gida na manyan kamfanoni, ya ɗora nasa da irin sunayen a rumbunan jama'a, na'urorinsu suka ɗauki nasa. Ta haka ya shiga kamfanoni fiye da 35, har da Apple da Microsoft. Shi da niyyar gargaɗi ya yi. Wanda ya yi wa laburaren PyTorch irin wannan a watan Disamba na 2022, da sunan "torchtriton", makullan sirrin mutane ya kwasa. Madalla da kai da ka bar ƙofa a buɗe, ɓarawo ma ai yana da iyali.

Ka tuna kuma da Akokan. Kamfanin haƙar yuraniyom na COMINAK da ke can ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, amma bayanan lafiyar waɗanda suka yi shekaru suna haƙar yuraniyom a ƙarƙashin ƙasa dole su rayu muddin masu su suna raye. Idan laburare irin naka ya sa lissafi ɗaya ya kauce a rumbun bayanan nan, ba ƙararrawar da za ta buga, mai tari ne zai ji a ƙirjinsa.

Yabon ya ƙare nan. 'Yan'uwana matasa masu koyon rubuta manhaja a Agadas da Arlit da Yamai, kada ku yi koyi da mutumin nan. Kafin ku saki laburare, ku zaɓi ɗafa-goshinku, ku bincika ko wani ya riga ku, ku yi masa rajista inda ake yi, ku sa shi a kan duk sunan da zai fita waje, abin da na cikin gida ne kuma ku ɓoye shi.