Dutsen Guga A Kan Fiyano? Ku Gama Dariyar Tukuna

Na hango ku kuna taɓe baki. Wai me ya haɗa mu da gyaran fiyano, mu da fiyanonmu Yamaha ne na studiyo, in ya lalace sai yaron mai gyaran rediyo? To ba shi nake nufi ba. Na katako nake nufi, mai madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, irin wanda ƙarti shida ke nishi kafin su gusar da shi.

Farin nan da yatsa ke taɓawa marufi ne kawai, siririn abu da aka manna wa katako da gam. A da hauren giwa ne, shi ya sa har gari guda a Amurka ake kira Ivoryton, daga ivory, wato haure da Turanci. Daga baya roba ta karɓe, ballantana da aka haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. Ita kuwa roba in ta tsufa sai ta yi rawaya, ta tsage, bakinta ya ɓalle ya riƙa yankan yatsa, dole a cire ta a sa sabuwa.

"Ai sai a sa wuƙa a ɓamɓare!" Sannu gwani. Ɓamɓara mu gani. Katakon da ke ƙasa mai laushi ne, tsohon gam kuma ya fi shi taurin kai. Za ka ɗaga robar ta taho maka da tsokar katako, ka bar rami a inda sabon marufi zai kwanta. Sau 52 ke nan za ka yi wannan ta'asar.

Masu aikin sukan zare madannan ɗaya-ɗaya, su duba lambar da ke jikin kowanne, domin na 30 ba ya zama a gurbin na 31. Sannan su ɗauko dutsen guga. E, shi dai na goge babbar riga. A shimfiɗa ƙyalle, a ɗora shi jim kaɗan har gam ya saki, a zura siririyar wuƙa a hankali tana bin jijiyar katako. Kamar cire filasta daga gyambo ne: mai fizga shi ke sa ihu.

Kai kuma mai cewa a ƙara wuta a gama da wuri, matso kusa. Tsofaffin fiyano da yawa robarsu seluloyid ce, dangin wadda aka yi tsohon fim ɗin silima da ita, kuma ba ta jiran fetur kafin ta kama da wuta. In ka goga ta ka ji ƙanshin kafur, ita ce. Ka matsa mata zafi, sai dai maƙwabta su kawo bokiti.

Akwai kuma wanda zai ɓamɓare haure yana zaton roba ce. Duba da kyau, Malam: haure yawanci gida biyu ne, akwai siririn layi inda kai ya haɗu da jela, ga zane-zane a jikinsa. Wannan ba a zubar da shi, mannawa ake sake yi.

Kun ɗauka an gama? Saura kankare ragowar gam. Sabuwar roba kuma takan fi tsohuwa kauri, dole a rage saman katakon daidai wannan kaurin, in ba haka ba farare su taso, baƙaƙe su nutse a tsakaninsu. Mai wuƙa, har yanzu kana nan, ko ka sulale?