Majalisar Gawar Babur

Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai na jingine motata na fara hangen babur. Na je na taya sabo. Da na ji kuɗin, na yi wa mai shago fatan a yi kasuwa lafiya na fito. A hanya zuciya ta raɗa mini cewa haɗawa ta fi saye arha. Haka na samo gawar wata tsohuwar Honda CG125, tayarta ɗaya, babu sit, tanki ya zama gidan gizo-gizo, aka turo mini ita a kura aka jibge a soro. Kafin Asabar ta zagayo, soron ya zama majalisa.

Wanda ya fara kama wuri shi ne injiniyan baki. Da farar shadda yake zuwa, ya tsaya nesa da baƙin mai, hannuwa a goye a baya. Bai taɓa riƙe sifana ba, amma cuta ɗaya ya sani a duniya: "Kabureta ce." Inji ya ƙi juyawa, kabureta ce. Birki ya riƙe, kabureta ce. Ranar da taya ta sace ma sai da ya yi wa kaburetar kallon tuhuma. In gyara ya yi kyau, ai ya faɗa. In ya ɓaci, ba yadda ya ce aka yi ba.

Sai tsohon ɗan acaɓa, wanda shi kaɗai nake dafa wa shayi da zuciya ɗaya. Tun Janairun 2013 da aka hana goyo a babur a Kano ya koma tuƙa Adaidaita Sahu, amma ransa na kan ƙafa biyu. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Fulogi kuwa karanta shi yake yi: in ya fito baƙi ƙirin da kunkunniya, mai ya fi iska yawa, in ya yi fari fat, iska ta rinjayi mai, injin na cin wuta, in ya yi kalar shayi da madara, to a bar kabureta ta huta. Yana yawan cewa CG jakar talaka ce, kuma da gaskiyarsa. A 1975 Honda ta fito da ita musamman don ƙasashe irin namu, bayan injiniyoyinta sun zagaya sun ga yadda ake lafta wa babur kaya, ana barin baƙin mai har ya koma kunu. Shi ya sa suka yi mata injin da 'yan sanduna ke tura bawul, mai jure sakaci. Wato tun kafin a haifi wasunmu an san halinmu a Japan.

Aibinsa biyu. Kowane noti da labarinsa, kuma labarin sai ya bi ta Daura kafin ya dawo. Sannan ya yi imani babu abin da tsohon tub ba ya ɗaurewa. "Ɗaure da roba, Malam. Ni da roba na yi shekara shida."

Babban abokin gabarsa ɗan yayata ne, almajirin YouTube. Shi ya shigo mana da kalmar kafe resa, salon samarin Ingila na shekarun 1950 da 1960, masu tuɓe wa babur duk wani nauyi su yi ta tsere daga shagon shayi zuwa wani, irin Ace Cafe ta Landan, burinsu su taɓa mil 100 a awa. Yaron nan duk abin da ya kalla sai ya ce a yanke. "Kawu, a cire kariyar nan. Kawu, a datse bayan, a sauke kan ƙasa." Na ce to buhun masara fa, a ka zan ɗauko shi? Ya ce ai ba a ɗaukar kaya a kafe resa. Madagad ma ya so a cire, shi da bai taɓa bin Kurna a watan Agusta ba, balle ya isa ɗaurin aure da layin taɓo daga ƙugu har hula. Ranar da ya kwance akwatin tace iska wai don injin ya numfasa, ana tsakiyar hunturu, ƙura ta rufe gari, tsohon ɗan acaɓa ya ajiye kofin shayinsa ya yi salati sau uku.

A kasuwar Ƙofar Ruwa na haɗu da mai kaya hawa uku. "Alhaji, akwai na talaka, akwai mai dama-dama, akwai orijina." Duk daga kwali ɗaya na ga suna fitowa. Da yake kamfanonin China sun kwaikwayi injin CG ba adadi, kusan komai yana shiga. Kusan ɗin nan ne ya cinye mini wata guda: rami huɗu, uku sun hau, na huɗu ya kauce da faɗin ƙwayar gero. Ka mayar, ya ce a ɗan goga da magagari.

Mai walda kullum yana jiran a kawo wuta. Mai fenti na ce masa baƙi, ya fesa mini ruwan hanta, domin shi ya rage daga ƙofar wani gida. Mai wayarin ya haɗa kayan bolt 12 a kan tsohon tsari mai bolt 6, na danna hon fitila ta yi ƙyafta.

Akwai kuma dattijon layinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, da ba ya duban inji sam. Yakan durƙusa ya goge wuyan firam da yatsa, ya karanta lambar, ya ce, "Ɗana, ina takardun?" Na ji haushinsa har ranar da na tuna ban tambayi mai gawar inda ya samo ta ba. Washegari na koma da shaidu biyu aka rubuta takardar ciniki.

Uwargida ba ta zama a majalisa, amma ita ce mai binciken kuɗi. Robar wankinta ta koma wurin jiƙa sarƙa a kananzir, tsohon zaninta ya zama tsumma, buroshin haƙorin yara ya ɓace. Ba ta faɗa. Sai dai in ta zo wucewa ta ce, "Malam, amaryar taka yaushe za ta tare? Na ga lefen bai ƙare ba." Ita ta tsinci littafin lissafina, inda na rubuta fistin da ringi da taya, na manta da noti, gaskit, kuɗin Adaidaita zuwa kasuwa sau goma sha, da sukarin majalisa. A shafi na huɗu na daina rubutu. Mai littafin ma wani nau'in mutum ne, mai cewa saura kaɗan tun watan Rajab, amma ba zan tona masa asiri ba.

Ranar tayarwa kowa ya hallara. Na buga kik har gwiwata ta yi sanyi. Ɗan yayata ya karɓa, tsohon ɗan acaɓa ya karɓa, aka tura ta har bakin masallaci aka dawo. Shiru. Wani yaro mai tallan gyaɗa da ya daɗe a tsaye ya nuna ƙasan tanki ya ce, "Baba, ba ku buɗe mai ba." Aka murɗa famfon, bugu biyu ta kama, hayaƙi ya turnuƙe soro, kaji suka watse.

Injiniyan baki ya kaɗe shaddarsa ya ce, "Ai na faɗa muku. Mai bai kai wa kabureta ba."

Ban gama share gumi ba wani maƙwabci da ban ga ƙeyarsa ba tun ranar da aka kawo gawar ya yi sallama, ya shafa tankin ruwan hanta, ya ce, "Masha Allah, Yaya. Da mai a ciki? Ara mini in je Rijiyar Lemo in dawo."