Kwaɗayin Abin Nesa

Ina da wata cuta da ba a rubuta wa magani a asibiti. Abinci ba ya yi mini daɗi sai na biya kuɗin jirgi kafin in kai shi baki. Na daɗe ina ɓoyewa, har iyali suka gano, 'yan majalisa suka gano, yau kuma gara ku ji daga bakina.

A nan Potiskum ni mutum ne mai kiyaye girma. Ba a taɓa ganina tsaye gaban mai tsire ina tauna ba. Idan kwaɗayi ya motsa, yaro nake aika ya sayo, a ƙunsa a takarda, a shigo da shi ta ƙofar baya. 'Ya'yana kuwa na kafa musu doka: ban yarda in ga ɗayansu a gindin kaskon mai awara ba. Na ce ƙura, na ce ƙuda, na ce man da aka soya jiya da shekaranjiya. Har wa'azi nake haɗawa da shi.

Sana'ata sayar da kayan gyaran manyan motoci, kuma duk wanda ya san garinmu ya san garin tirela ne. Da motocin Chana irin su Howo suka cika hanya, sai sana'a ta ja ni zuwa Gwanzu, birnin da Turawa ke kira Kanton, inda ake babbar kasuwar baje koli sau biyu a shekara tun 1957. 'Yan kasuwar Afirka sukan sauka a unguwar Shawbe, kuma a can ne girman nawa ya zube.

Da dare titin ya cika da hayaƙi. Musulmin Uygur, mutanen yammacin Chana, sun jera naman rago a tsinke bisa garwashi suna fifita. Ni da ba na cin abinci a titi, sai ga ni tsaye, tsinke a hannun dama, waya a hagu, mai na zuba a gaban kaftani. Na ɗauki hoto na tura wa dangi a WhatsApp, na rubuta: "Abincin Chana, sai wanda ya zo." Ƙanena ya amsa da kalma huɗu: "Yaya, tsire ne fa." Tsire ne kuwa, ba ƙuli, ba albasa, ba tumatir. Mutumin da ya fito daga garin da karar shanunsa ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, garin da ake lodin shanu zuwa Legas, shi ne ya ƙetare duniya yana mamakin gasasshen nama.

Bayan nan wanda nake sayen kaya a wurinsa ya gayyace ni shan shayin safe, wanda ga mutanen Kanton cikakken zaman cin abinci ne da hira. Da yake girkinsu ba ya rabuwa da alade, sai ya kai ni wani tsohon gidan abinci na Musulmi. Birnin yana da Musulmi tun da daɗewa. Masallacin Huwaisheng na cikin mafiya tsufa a ƙasar. Aka kawo buta da ruwan shayi mai zafi, da kwano babba babu komai ciki. Na tsiyaya a ƙaramin kofi, na yi bisimilla, na kurɓa, na gyaɗa kai alamar na san shayi. Ina ɗaga ido na ga kowa na ɗauraye kofi da cokali da wannan ruwan, yana juyewa a babban kwanon. Ruwan wanke-wanke na sha, har na yaba.

Sai batun tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su. An miƙo mini cokali mai yatsu tun farko, na ƙi, wai kada a ce baƙauye ne. Teburin kuma yana da faifan gilashi a tsakiya mai juyawa. Duk lokacin da na daidaita tsinkayena kan loma, sai wani ya murza faifan, loma ta tafi gaban wani. Wadda na samu na cafko ta suɓuce a hanya ta faɗa cikin shayi. Na lura in an zuba wa mutum shayi yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Ni ma na shiga ƙwanƙwasawa, an zuba ko ba a zuba ba, har tafinta ya raɗa mini cewa ya isa haka.

Aka kawo ƙafar kaza a ƙaramin kwandon gora. A gidana ƙafar kaza rabon yara ne, kuma ko su sai an roƙa. A can na tsotse ta har ƙashi ina cewa ma sha Allah. Daga nan aka ajiye wani abu fari, yankakke, mai laushi, cikin romo. Na ci, na ƙara, na ce wa tafinta ya tambayar mini yadda ake yinsa, don in koya wa uwargida. Ya ce waken suya ake jiƙawa, a niƙa, a tace, a dafa ruwan, a zuba abin da zai sa ya kama, a matse a ƙyalle. Tun yana tsakiyar bayani na ji gumi ya keto mini. Awara ce. Ita ce dai wadda na hana 'ya'yana, sai dai ta can ba ta ga yaji da kabeji ba.

Kada in zalunci mutanen Kanton, sun iya girki. Kifi yana yawo cikin ruwa kake nuna shi, a turara shi da citta da ganyen albasa, a kawo maka ba a kashe ɗanɗanonsa da mai ba. Ganye ma ba sa barin sa a wuta har ya mutu. Wanda ya ce abincinsu ba daɗi bai ci ba. Matsalata ita ce tun kafin in ɗanɗana na riga na yanke hukunci.

Da na dawo na sauke kwalaben miyar waken suya a gaban uwargida, na fara karatu. Ta saurara har na gama, ta ce, "To Alhaji, awarar da ka hana mu, yanzu a ɗage dokar ko sai mun yi fasfo?" Yara suka ruga ɗaki, ina jin dariyarsu ta taga.

A majalisa ma ban tsira ba. Ina cikin ba da labarin taliyar Musulmin birnin Lanzu na Chana, wadda ake ja da hannu a gabanka har ta zama zare, sai wani malamin makaranta a cikinmu ya nuna kwanon da mai shayi ya ajiye mini. Ya ce, "Alhaji, Indomie ɗin nan da kake ci kullum da ƙwai, asalinta daga Indonisiya take. Tun ƙarshen shekarun 1980 ta shigo Najeriya, kafin a kafa mata masana'anta a Ota. Ka daɗe kana cin abincin Asiya a bakin titi, a kan benci." Tun ranar suka laƙaba mini Alhaji Chana, kuma sunan ya bi ni har masallaci.

Na ga kuna dariya, amma ku duba ɗakin ajiyarku tukuna. Mu ne muke tambayar mai shago ko shinkafar 'yar waje ce kafin mu tambayi kuɗinta. Mu ne muke raina kilishi a tasha, mu yi alfahari da shi idan mun ji ɗan wani ya kai shi Ingila an yi wawaso. Mutumin Gwanzu da ya zauna da ni bai ji kunyar ƙafar kazarsa ba, shi ya sa na ci ina godiya.

Na ɗage dokar awara. Sharaɗi ɗaya na bari, a saya wurin mai rufe kayanta, kuma a ajiye mini nawa da yaji.