Ɗan Gidan Waye?

Mu a nan cikin gari, idan yaro ya zo neman aiki a shago, ba wanda zai ce masa ya kawo takardar makaranta. Tambaya ɗaya ce: ɗan gidan waye? In aka ce ai jikan wane ne na bayan masallaci, wanda ya yi rini a Ƙofar Mata, magana ta ƙare, gobe ya yi sammako ya share ƙofar shago. In kuwa aka yi shiru kowa ya kalli ɗan'uwansa, to ko digiri biyu ya riƙo daga Jami'ar Bayero, abin da zai ji shi ne, "To samari, za mu neme ka." Duk wanda ya tashi a Kano ya san wannan neman ba a taɓa yin sa.

Masu wucewa a mota suna hango mu a majalisa bayan la'asar, wasu a benci wasu a tabarma a gindin darbejiya, su taɓe baki su ce zaman kashe wando. Allah ya huci zuciyarsu. Ba su san a nan ake raba aiki ba. Tun da gwamnati ta hana acaɓa a Kano a farkon 2013, samarin unguwa suka koma A Daidaita Sahu, kuma mai babur ba zai miƙa wa baƙuwar fuska mukulli ba sai wani dattijo ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, ba shi, a wuyana." Ran da yaro ya fara wasa da balas, ba caji ofis ake fara zuwa ba. Majalisa ake zuwa, a aika a kira kawunsa, a zaunar da shi a ƙasa a gaban mutanen da suka ci tuwon sunansa. Na ga ƙaton da ba ya tsoron ɗan sanda yana zufa a irin wannan zama, don kawai Baba mai gyaran rediyo ya dube shi ya ce, "Kai ɗan nan, da ubanka muka yi makarantar allo."

Kuma ba jiya muka fara ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma unguwannin da ke zagaye da ita kowacce da mutanenta: masu allura a Soron Ɗinki, masu fata a Dukawa, baƙin Borno a Zangon Barebari, Yarbawa a Ayagi. Mutum yakan tashi ya tarar sana'a na jiransa a zauren gidansu, da abokan ciniki, da waɗanda za su ba shi bashi, har da gidan da ake sa ran zai nemi aure. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, daga zuriyar Agalawa fatake ya fito, mutanen da suka daɗe suna bin hanyar Gwanja ɗauko goro. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, abin da ya fi kowa da shi shi ne jama'a: yaran da zai damƙa wa kuɗi su bazu ƙauyuka su sayo gyaɗa, kuma su dawo. Wannan dawowar ita ce jarin.

Wani masani, Abner Cohen, ya zauna da 'yan'uwanmu na Sabo a Ibadan har ya fitar da littafi a kansu a 1969. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne cinikin shanu. Falke ya kawo garke daga Arewa ya sauka gidan maigida, dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarbawa bashi, babu takarda babu sa hannu, maigida ne ke lamuni in mahauci ya gaza. Ya yi ta bin diddigi ya gano cewa zaman tare ne ke riƙe da kuɗin: sallah a sahu ɗaya, auratayya, da sanin cewa in ka ci amana labarinka zai riga ka isa Kano. Da ya biyo ta majalisarmu da mun faɗa masa wannan kafin shayi ya huce, amma ba laifi, shi ma aikinsa ne.

To sai dai kada mu cika baki, abin nan yana da ƙaya. Ku ɗauki maganar sallama. Yaro ya shiga hannun ubangida a Kantin Kwari ko Singa yana ɗan shekara goma sha, ya yi dakon kaya, ya yi tsaron shago, ya kai yara makaranta, ya yi wa Hajiya cefane, duk a kan fatan wata rana za a yi masa aure a ware masa shago da jari. Ubangida na gari yana yi, kuma manyan 'yan kasuwa da yawa ta haka suka tashi. Amma tunda ba a rubuta ranar ba, wani ubangidan sai gemun yaro ya fara furfura bai tuna ba. Wani kuma da lokaci ya matso sai lissafi ya ƙi daidaita, a ce kaya sun yi ƙafa, a kori bawan Allah hannu rabbana. Ina zai kai ƙara? Majalisa. Ita kuwa majalisa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, kunnenta ya fi jin muryar wanda yake sayen man injin masallaci. Sai a taru a kan yaron da "ka yi haƙuri, ubanka ne." Wanda kuma ya zo daga ƙauye ba shi da kowa, ko wannan haƙurin ba mai ba shi.

Iyayenmu mata sun fi mu tsari nesa ba kusa ba, domin su rubutawa suke yi. Kowace uwar adashi da littafinta: wa ta yi zubi, wa ke da ɗauka wannan mako, wa aka ɗaga wa ƙafa don mijinta na kwance. Da adashin nan ake sayen keken ɗinki da injin markaɗe da firjin ƙanƙara, da shi ake tara kayan ɗakin 'ya tun tana firamare. Ranar biki kuma ana gefe da biro ana rubuta gudummawa, wance atamfa, wance dubu biyar, wance kula saiti guda. Ba kyauta ba ce, ajiya ce, kuma in nata ya zo ba a mayar mata daidai, sai an ɗora. Na taɓa jin wata gwaggona tana tsare ƙanwarta a tsakar gida: "Ke yanzu sunan jikar wance za ki ƙi zuwa? Kin manta wa ta kwana da ke a asibiti?" Ƙanwar ba ta da ko sisi a ranar, amma sai da ta ci bashi ta yi anko ta je. Mazan da ke ƙorafin kuɗin anko su ne kuma ke fara tambayar matansu ko ɗaukar adashi ta kusa in mai gidan haya ya matsa.

Farkon 2023 ne aka gane amfanin wannan duka. Babban Banki ya sauya fasalin naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, tsofaffin kuɗi suka shige, sababbi suka ƙi fitowa, ga zaɓe a gaba. Mutum da miliyan a asusu, amma ba shi da na sayen omo. A makonnin nan mai shagon kan kwana shi ne gwamnan banki. Wanda ya san fuskarsa ya ba shi shinkafa da mai ya rubuta. Wani ma'aikaci da ya shekara da shekaru yana shigewa gida da mota ba ko ɗaga hannu, sai ga shi a bakin kanta yana "Malam, barka da yamma, ya iyali?" Mai shago ya amsa masa da fara'a, sannan ya leƙo ya tambaye mu a hankali, "Wai ɗan unguwar nan ne?"

Shekarun baya labari ya zo mana cewa a Ingila, a 2018, Firaminista Theresa May ta naɗa minista don kula da masu fama da kaɗaici, Japan ma ta bi sahu a 2021. Majalisa ta yi dariya har da riƙe ciki. Baba mai rediyo ya ce a turo masa su mako ɗaya, ranar farko ɗaurin aure uku da suna biyu da gaisuwar mutuwa, za su koma gida suna roƙon a bar su su huta. Wani malamin makaranta a cikinmu ya ce mu rage dariya, domin a Jami'ar Harvard ta Amurka tun 1938 ake bin rayuwar wasu mutane daga ƙuruciya har tsufa, kuma abin da aka gano shi ne kyawun zaman mutum da jama'arsa a tsakiyar rayuwa ya fi yawan kitsen jininsa nuna yadda tsufansa zai kasance. Liman ya ce ai mu in mutum bai fito asuba biyu a jere ba, kafin hantsi an buga masa ƙofa. Haka ne. In kuma ya kwanta asibiti, dubiya za ta yi ta zuwa da kuloli da filas har majinyaci ya rasa lokacin barci.

Amma malamin bai bar mu mun sha da daɗi ba. Ya tambaya wa ke buga ƙofar tsohuwar nan ta lungu da 'ya'yanta suka tafi Abuja, wa ya san sunan almajirin da ke mana wanki. Ya ce kuma rabin masu hawan jinin layin nan "me mutane za su ce" ne ya ɗora musu: mai aurar da 'ya ya sayar da fili don kada a raina jeren, wanda kasuwa ta karye masa ya ci gaba da saka shadda mai maiƙo yana murmushi don kada majalisa ta gane. Bakin da ke tambayar lafiyarka shi ne kuma yake ƙirga buhunan da suka shiga gidanka. Nan aka yi tari, wani ya ce shayin ya yi sanyi.

Samari kuwa an ce waya ta raba su da mutane, ni ban gani ba. Sun dai ware tasu majalisar ce a gidan kallon ƙwallo, 'yan Madrid da 'yan Barcelona suna musu kamar za a ba hamata iska, amma in matar ɗayansu ta haihu kafin magariba an tara kuɗin rago ta WhatsApp. A Damagaram da Yamai ma tun shekarun 1990 matasa ke da irin tasu majalisar da suke kira fada, kowacce da sunanta a jikin bango, ana dafa shayi zagaye uku ana jiran aiki tare.

Yanzu haka maganar da ke gabanmu ta taransifoma ce, ta ƙone, an ce kowane gida ya kawo nasa. Da aka zo kan telan nan Bazazzagi da ya fi shekara ashirin a layinmu, ya aurar da 'ya'ya biyu a nan, sai ya ce shi baƙo ne, a yi masa rangwame, tunda kullum mu ke ce masa ya tattara ya koma Zariya. Mai unguwa ya ce, "Malam, a wajen biya kai Bakano ne tun daga kakanni. In wuta ta dawo ka koma bawanmu." Ya zaro kuɗin yana ƙunƙuni, ya ce a rubuta a gabansa, don shi bai taɓa yarda da lissafin Bakano ba.